Babi na 7: Garwashin da ke can cikin kunne

Darasi na 1

Ku ɗora yatsa a bayan kunnenku, kan ƙashin nan mai tauri. Can cikinsa, inda tsinke ba ya kaiwa, akwai wani abu mai siffar katantanwa. Da shi muke ji. Kusa da shi akwai 'yan duwatsu da ba su kai ƙwayar rairayi ba, su ke taimaka mana mu yi tafiya ba tangaɗi.

Ku dubi wannan suna: NOX3. Harafi uku, lamba ɗaya. Na tsakiyan O ne, ba sifili ba. Wani sinadari ne da jiki ke yi, ya fi yawa a cikin kunne, yana mayar da iskar oksijin mai ƙuna kamar garwashi. Kaɗan ɗinsa alheri ne. A 2004 aka gano ɓerayen da ba su da shi ba su da duwatsun nan, kansu a karkace yake, ko iyo ba sa iyawa. Amma ƙara mai tsanani fifita garwashin take yi, har ya ƙone 'yan gashin da ke ɗaukar sauti. Wanda ya mutu ba ya sake tsirowa.

Darasi na 2

Masu injin niƙa da janareta, wannan naku ne. In sai kun ɗaga murya mutumin da ke dab da ku zai ji ku, ƙarar ta yi yawa. Ku nemi sosan toshe kunne, auduga ba ta isa ba. Ku murza shi ya tsuke, ku ja kunnen sama, ku saka, ku riƙe har ya kumbura. Sannan ku tada inji.

A nan ake tuntuɓe. Toshewa tukuna, inji daga baya. Ku faɗa da baki: toshewa tukuna. Madalla, a hankali za ku saba. Na je wurin wani ɗalibina na tarar inji na ruri, sosan kuwa yana aljihu. Haba Malam! Sau nawa zan faɗa? Kunnen na aro ne? Toshewa tukuna, inji daga baya.

Darasi na 3

Ku kwafi wannan: gentamicin. Allura ce da kan lalata ji. Kada a yi muku ita sai likita ya rubuta.

Darasi na 4

In kunne na shuu ko jiri na ɗibar ku, ku je asibiti.