Yadda Likita a Legas Zai Nemi Tallafin Bincike Kan Lafiyar Tsofaffi

Kada ka fara da rubuta takardar neman kuɗi. Yawancin matasan likitocin da na ga an mayar musu da takardunsu daga nan suka faro, babu bayanan gwaji a hannu, babu jagora.

Ka fara da abin da kake da shi. In kana horon ƙwarewa a asibitocin koyarwa na LUTH ko LASUTH, kundin binciken da za ka miƙa wa kwalejin ƙwarewar likitoci ta ƙasa da ke Ijanikin ko ta Afirka ta Yamma shi ne jarinka na farko. Ka zaɓi tambaya ɗaya ƙarama: faɗuwa, mantuwa, ko yawan magungunan da tsoho ke sha a lokaci guda. Dattawanmu na Idi-Araba da Agege suna kusa, amma da yawansu ba su san shekarar haihuwarsu ba, wasu kuma karatun allo suka yi, don haka gwajin ƙwaƙwalwar da ke neman rubutun boko zai nuna su da cutar da ba su da ita. Ka bayyana yadda za ka magance wannan. Ka nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike tun da wuri, yana cin lokaci, kuma akwai kuɗin da ake biya.

Sai wurin da aka fi faɗuwa, wato lokaci. Tallafin K43 na cibiyar Fogarty da ke Amurka, wanda aka tsara don masu bincike na ƙasashe irin namu, yana buƙatar ka ba binciken kashi 75 cikin 100 na lokacin aikinka, da jagora a gida da wani a Amurka. Likitan da ke aikin kwana yana kuma duba marasa lafiya tun safe, ina zai samo wannan? Ka zauna da shugaban sashenka wata shida kafin a rufe karɓa, don ya rubuta maka wasiƙar goyon baya. Wasiƙar "muna goyon bayansa" ba ta da wani amfani. Wasiƙar da kake buƙata ta faɗi ranakun da aka ɗauke maka da wanda zai riƙe majinyatanka. In ya ƙi rubuta haka, ka dakata zuwa baɗi, ya fi a ba ka kuɗi ka kasa aikin.

Jagoran gida ba dole ya kasance a asibitinka ba. Ibadan ta riga mu a wannan fanni, can aka buɗe cibiyar tsofaffi ta Tony Anenih a 2012. Ka aika wa jagoran da kake nema shafi ɗaya, kada ka aika tarihin rayuwarka.

Ni dai shawarata a fara da ƙaramin tallafin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ta hanyar jami'a. Mai sha'awar ciwon mantuwa ya duba shirin Atlantic Fellows na GBHI, cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwa da ke San Francisco da Dublin. Ka tabbatar an buɗe neman a bana, ofishin bincike na makarantarku kuma ya yi maka rajistar eRA Commons, shafin da mai neman K43 ke buƙatar rajista a kai, tun kafin makon rufe karɓa.