Yadda Ake Auna Rahoton Shekara na Ƙaramar Hukuma

A ƙarshen shekara, ko kuma ranar da shugaban ƙaramar hukuma ya cika shekara guda a kan kujera, akan kafa rumfuna a harabar sakatariya, a gayyato hakimi da dagatai da 'yan jarida, sannan a karanto jerin ayyukan da aka ce an gudanar: rijiyoyin burtsatse kaza, ajujuwa kaza, kwalbatoci kaza, buhunan taki kaza. Jama'a su yi tafi, a raba lemo, kowa ya kama gabansa. Abin da ba a cika yi ba shi ne a ɗauki wannan jeri a zauna da shi, a gwada shi da kuɗin da suka shigo da kuma abin da ido yake gani a cikin gari. Aikin ba ya buƙatar ilimin akanta. Ƙungiyar ci gaban unguwa, ko ta matasa, ko ta 'yan kasuwa, za ta iya yin sa da mutum huɗu ko biyar masu haƙuri, da littafin rubutu guda, da waya mai ɗaukar hoto.

A fara da sanin abin da doka ta ɗora wa ƙaramar hukuma, domin kada a tuhume ta a kan abin da ba nata ba, kada kuma a yaba mata a kan gumin wani. Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774, kuma tsarin nasu ya samo asali ne daga gyaran da gwamnatin soja ta yi a 1976, wanda ya ɗora duk ƙasar a kan tafarki ɗaya bayan zamanin En'e. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukansu dalla-dalla, daga ciki akwai kasuwanni, da tashoshin mota, da mayanka, da maƙabartu, da ban-ɗakunan jama'a, da kwashe shara, da magudanan ruwa, da titunan cikin gari da fitilunsu, da sanya wa tituna suna da gidaje lamba. Ya ambaci rajistar haihuwa da mutuwa da aure, kodayake a aikace Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce take bayar da takardar haihuwa. Sai kuma ilimin firamare da kiwon lafiya da aikin gona, waɗanda ƙaramar hukuma take haɗa hannu da gwamnatin jiha a kansu. Rahoton da ya cika shafi uku da labarin rabon shinkafa amma bai ce uffan a kan shara da magudanan ruwa ba, ya riga ya nuna inda hankalin masu shi yake.

Daga nan sai a nemi sanin kuɗin da suka shigo, wanda shi ne ma'aunin komai. Kowane wata kwamitin rabon arzikin ƙasa, wanda aka fi sani da FAAC, yakan zauna ya raba abin da ya taru a asusun tarayya, inda gwamnatin tarayya take ɗaukar kashi 52.68 cikin 100, jihohi kashi 26.72, ƙananan hukumomi kuma kashi 20.60, baya ga kashi 35 da suke samu daga harajin kayan masarufi na VAT. Ofishin Babban Akanta na Tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna wallafa wannan rabo a intanet, kuma kowace ƙaramar hukuma tana da layinta da sunanta. A samu wanda ya iya waya ya sauko da na watanni goma sha biyun, a rubuta su a shafi ɗaya, a tara.

To amma wannan jimilla ba ita ce take isa hannun ma'aji ba, kuma a nan ne masu bincike da yawa suke yin kuskure, su fito suna ihun an cinye biliyoyi. Sashe na 162 na tsarin mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuma shekara da shekaru ta cikinsa kuɗin suke biyowa, a yanke albashin malaman firamare, da na ma'aikatan lafiya, da fansho, da kason masarauta, da abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa, kafin ragowar ta sauka a sakatariya. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma ce bai halatta gwamna ya rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi ba, sai dai aiwatar da hukuncin ya gamu da jan ƙafa. Saboda haka tambayoyin da ya kamata a yi wa shugaba guda uku ne: nawa aka turo da sunanmu, nawa ya iso gare ku kuma ta wace hanya, sannan nawa ya rage bayan albashi. Wannan na ukun shi ne kuɗin aiki, kuma da shi za a auna jerin da aka karanto.

Kada girman lambobi ya ruɗi mutum. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kason ƙananan hukumomi ya ƙaru sosai a lissafin naira, amma hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024, kuma mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a watan Yulin 2024. Idan za a kwatanta bana da bara, ya fi dacewa a tambayi masu sayar da kayan gini farashin buhun siminti da bandir ɗin kwano a shekarun biyu, a ga ko ƙarin kuɗin ya isa sayen ƙarin kaya.

Akwai kuma kuɗin shiga na cikin gida, waɗanda rahotanni suka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali su ne mafi sauƙin bincike ga mazauna gari. A ɗauka, don misali kawai, cewa kasuwar da take ci mako-mako tana da rumfuna 300, kowace tana biyan naira 200 ranar kasuwa. Wannan ya kama naira 60,000 a mako, wato naira 3,120,000 a makonni 52, tun ba a sa kuɗin kara da na tasha da na mayanka ba. Idan rahoto ya nuna abin da bai kai rabin haka ba, ba sai an zargi kowa ba, ya isa a tambaya ko wane irin rasit ake bayarwa, wa yake buga shi, kuma a wane asusu ake zuba kuɗin.

Takardu uku ake buƙata a hannu: rahoton shekarar kansa, da kasafin kuɗin da majalisar kansiloli ta amince da shi, da rahoton babban mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi na jiha, wanda yakan makara da shekara ko fiye. A fara neman su ta hannun kansilan mazaɓa, domin haƙƙinsa ne ya san abin da ya sa wa hannu. Idan an yi ta cewa a dawo gobe, sai a rubuta takarda ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa, kuma ba ta tilasta wa mai nema ya faɗi dalilinsa ba. A rubuta kwafi biyu, a ambaci ainihin takardar da ake so da shekararta, a sa a buga hatimin karɓa a kan kwafin da za a koma da shi gida.

Idan takardun sun samu, a karanta rahoton da biro a hannu, ana lura da kalmomi. "An amince da gina asibiti" daban yake da "an bayar da kwangila", kuma an sha biyan kuɗin kafin alƙalami a aza harsashi, ɗan kwangila ya yi layar zana. "An gyara" na iya nufin an sake rufi da daɓe, yana kuma iya nufin an shafa fenti a bangon da yake fuskantar titi. A gefen kowane aiki a rubuta matakin da rahoton ya ce ya kai, da wurin da yake, da kuɗinsa idan an faɗa. Sannan a tace jerin, a ware abin da ba na ƙaramar hukuma ba. Ajujuwa da yawa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ce take gina su da tallafin takwararta ta tarayya, wadda aka kafa da dokar 2004. Wasu rijiyoyin ayyukan mazaɓa ne na 'yan majalisa, wasu na ƙungiyoyin agaji, wasu kuwa mutanen unguwa ne suka yi karo-karo da aikin gayya, aka zo aka ɗauki hoto a gabansu. Allon da ake kafawa a bakin aiki yakan nuna wanda ya bayar da kwangilar, idan kuma an cire shi, mai unguwa ya sani.

Zuciyar aikin ita ce fita ganin ido, kuma lokacin fitar ya fi komai muhimmanci. Kada a sanar, kada a je tare da tawagar hukuma. Rijiyar burtsatse da sassafe ake zuwa mata, lokacin da yara da 'yan ga-ruwa suke layi. Wadda take aiki ba ta ɓuya, za a ga jarkoki a jere, ƙasa a jiƙe, kwata tana gudu, hannun famfon ya yi santsi saboda tuƙi. Wadda ta mutu kuwa za a tarar da daɓenta a bushe, awaki suna kwance a kai, ciyawa ta fito ta tsagin siminti. A kama hannun a tuƙa da kai, a ƙirga tuƙi nawa kafin ruwa ya zo, sannan a tambayi matan gidajen da ke kusa yaushe ta lalace na ƙarshe da wanda ya biya kuɗin gyara. Amsar wannan tambaya ta ƙarshe takan bayyana ko hukuma tana da wani tanadi na kula da abin da ta gina, ko kuwa ranar yanke ƙyalle ce rabonta da shi.

Makaranta a je mata da hantsi ranar Talata ko Laraba, a gaisa da hedimasta cikin ladabi, a nemi izinin leƙa ajin da aka ce an gina. A duba ko yara suna kan benci ko suna ƙasa, a ɗaga kai a ga ko rana tana leƙowa ta rufi, a kwatanta sunayen da ke littafin sa hannun malamai da mutanen da suke tsaye a gaban allo, a zagaya baya a ga ko akwai ban-ɗakin da 'yan mata za su iya shiga. Asibitin sha-ka-tafi kuwa ziyara biyu yake buƙata, ɗaya da rana ɗaya bayan magariba, domin naƙuda ba ta jiran lokacin aiki. A tambaya ko akwai ungozoma mai kwana, ko firjin ajiye allurar rigakafi yana da wuta, ko kuma magani sai an tsallaka kemis. A tuna cewa wasu daga cikin waɗannan asibitoci suna samun kuɗi kai tsaye daga asusun kula da lafiya a matakin farko da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa, don haka sabon fenti a jikinsu ba lallai aljihun ƙaramar hukuma ya fito ba.

Magudanan ruwa da kwalbatoci suna da wata matsala ta daban. Akan karanta rahoto a cikin hunturu, lokacin da kowace kwata take da kyan gani. A rubuta su a ajiye, a koma musu a watan Agusta bayan an sheƙa ruwa.

Abin da ya fi wuyar tantancewa, a ganina, shi ne rabon kayan tallafi, irin su keken ɗinki da injin markaɗe da babura, domin ba su da wurin da za a je a tsaya a kansu. Iyakar abin yi shi ne a nemi jerin waɗanda suka amfana, a zaɓi mutum goma ba tare da son rai ba, a ziyarce su a ga ko kayan suna nan suna aiki ko an kai su kasuwa a washegarin rabo.

Bayan an dawo, a jera ayyukan da aka tabbatar mazaɓa-mazaɓa. Jihar Kano, alal misali, tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, wato kowace tana da kimanin goma sha ɗaya, kuma haka lamarin yake kusan ko'ina. Da zarar an yi wannan jeri za a ga ko ayyukan sun taru ne a hedikwata da garin su shugaba, a ga kuma mazaɓar da sunanta bai fito ba ko sau ɗaya.

Sakamakon kada ya wuce shafi biyu, a rubuta shi da Hausa mai sauƙi, a fara da abin da aka samu yana aiki, domin shugaban da aka yi wa adalci a layin farko ya fi sauraron layi na goma. A guji kalmar sata matuƙar ba a riƙe da hujja a rubuce, a tsaya a kan "rahoto ya ce an kammala, mun je ranar kaza mun tarar ba rufi", tare da hoto. Ya kyautu a ce 'yan kwamitin ba jam'iyyarsu ɗaya ba, in ba haka ba za a kira aikin adawa a jefar. A kai wa shugaba kwafi tukuna, a ba shi mako biyu ya yi bayani, domin wani lokaci akwai dalilin da ba a sani ba, sannan a kai wa kansiloli da hakimi, daga baya a je gidan rediyo idan da buƙata. Idan an ci karo da hujja ƙarara ta kuɗin da aka biya ba aiki, wannan na hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ne ko hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe ta jiha. A yi ƙoƙari takardar ta isa kafin a kammala shirya kasafin shekara mai zuwa, domin abin da aka gano ya samu gurbi a ciki.

Littafin nan da hotunan a damƙa su ga sakataren ƙungiya, kowane hoto da ranarsa da sunan wurin a bayansa. Idan rahoton baɗi ya fito, a fara buɗe tsohon littafi kafin sabon, a bi sunayen wurare ɗaya bayan ɗaya, a ga ko rijiyar da aka lissafa bara ta sake bayyana a matsayin sabuwa.