Yadda nake dafa ƙwai ɓawonsa ya fita salin-alin

Ranar sunan 'yar ƙanwata a Gwammaja aka damƙa min kiret biyu na ƙwai in dafa, za a ɗora a kan shinkafar baƙi. Da safiyar nan aka kawo su daga gidan gona. Na zauna ɓarewa, kowanne na taɓa sai ɓawon ya taho da farin, ƙwan ya fito duk ramuka. Raina ya ɓaci ƙwarai, don abincin fita kunya ne. Wata dattijuwa mai sayar da dafaffen ƙwai a layinmu ce ta ce min, "'Yar nan, ai sabon ƙwai ba ya ɓaruwa."

Gaskiya ta faɗa. Sabon ƙwai farinsa manne yake da siririyar fatar nan ta cikin ɓawo. In ya yi kwana 7 zuwa 10, iska ta riƙa fita ta ƙananan ƙofofin ɓawon, sai fatar ta saki. Shi ya sa in hidima ta taso, tun saura mako nake sayowa a 'Yankura. Da zafin Afrilu dai a firji nake ajiyewa.

Sai dahuwar. Kada ki zuba ƙwai a ruwan sanyi ki ɗora, nan mafi yawanmu muke kuskure. Bari ruwan ya tafasa sosai, sannan ki riƙa sa su ɗaya-ɗaya da ludayi, a hankali, don kada su fashe. Ki ɗan rage wuta, ki ba su minti 11 ko 12. In suka zarce, gefen gwaiduwar zai yi kore-kore, ga wari.

Kina saukewa ki tsame su zuwa ruwan ƙanƙara, su yi minti 10. In babu ƙanƙara, ruwan randa ma ya yi, sai dai ki sauya shi da zarar ya yi ɗumi.

Wajen ɓarewa, ki ƙwanƙwasa ɓangaren da ya fi faɗi, nan gurbin iska yake. Ki murza ƙwan a faranti da tafin hannu har ya tsattsage, ki sa babban yatsa ƙarƙashin fatar, ki ɓare a cikin kwanon ruwa.

Ƙwan zabi na damina kuwa ɓawonsa tauri gare shi, murzawa ba ta isarsa. Da bayan cokali nake fara bugunsa.