Yadda Ake Tara Kristal na Beril da Ire-irensa Masu Daraja

Beril ma'adini ne guda ɗaya, amma yana fitowa da launuka daban-daban har mutane da yawa ba su san cewa zumurrudu da akwamarin daga gida ɗaya suka fito ba. Sinadaransa su ne beriliyam da aluminiyam da silikon da iskar oksijin, kuma a cikinsa ne masanin kimiyya ɗan Faransa Louis-Nicolas Vauquelin ya gano sinadarin beriliyam a shekarar 1798. Wanda ke son tara shi yana bukatar ya gane tun farko cewa abin da yake nema ya bambanta da abin da mai yanka duwatsun ado yake nema. Mai yanka yana duba tsabtar ciki da launi, domin zai sare gefuna ya zubar, shi kuwa mai tarawa yana son kristal ɗin yadda ya fito daga ƙasa, da fuskokinsa da kansa ba a taɓa ba, tare da sanin ramin da aka haƙo shi.

Sanin ire-iren beril

Beril zalla ba shi da launi, kuma irin wannan shi ake kira goshenait. Launin sauran yana zuwa ne daga ƙarafa ƙalilan da suka shiga jikin kristal ɗin lokacin da yake girma. Kuromiyam ko banadiyam ke ba zumurrudu korensa, baƙin ƙarfe ke ba akwamarin shuɗinsa, kuma shi ne dai ke ba heliyodo launin rawaya idan ya shiga a wani yanayi na daban. Manganis yana samar da moganait mai ruwan hoda, da kuma jan beril, wanda ya fi dukkansu wuyar samu. An fara gano jan beril a jihar Utah ta Amurka a shekarar 1904, kuma har yau tsaunukan Wah Wah na wannan jiha ne kaɗai suka yi suna wajen fitar da wanda ya isa a yanka. Kristal ɗinsa ƙanana ne, mafi yawansu ba su kai santimita ɗaya ba, saboda haka duk wanda aka nuna masa jan beril mai girman yatsa a kan farashi mai sauƙi, ya kamata ya ja da baya.

Akwai kuma koren beril wanda baƙin ƙarfe ne ya ba shi launi, ba kuromiyam ba. Masana ba sa ɗaukarsa a matsayin zumurrudu, ko da yake masu sayarwa kan kira shi da wannan suna domin ƙara masa kuɗi. Korensa yana da haske, yana karkata zuwa rawaya ko shuɗi, kuma yawanci cikinsa ya fi na zumurrudu tsabta.

Yadda za a tabbatar beril ne

Siffa ce shaida ta farko. Kristal na beril ginshiƙi ne mai gefe shida, kamar fensirin da ba a fiƙe ba, kuma kansa yawanci shafaffe ne, wani lokaci da ƙananan fuskoki a kewayen bakinsa. Idan akwai zane-zane a jikinsa, suna bin tsawonsa ne. Kwaz, wani ma'adini mai kama da gilashi, shi ma gefe shida gare shi, amma kansa mai tsini ne, kuma zanensa yana gittawa ne a faɗin kristal ɗin. Turmalin kuwa, idan aka dube shi ta kai, siffarsa ta fi kama da kusurwa uku mai kumburarrun gefuna. Moganait da wasu goshenait sukan fito gajeru masu faɗi, amma gefe shidan yana nan.

Shaida ta biyu ita ce tauri. A ma'aunin Mohs, wanda ke jera taurin ma'adinai daga 1 zuwa 10, beril yana tsakanin 7.5 da 8, kwaz yana kan 7, afatait kuwa, wanda shi ma gefe shida gare shi kuma yakan zo kore ko shuɗi, yana kan 5 kawai. Wuƙa tana iya karce afatait, amma ba ta iya yi wa beril komai. Sai dai kada a yi wannan gwaji a kan fuska mai kyau. A nemi gindin kristal ɗin inda ya riga ya karye, domin karce ɗaya a fuskar afatait mai kyau ya ɓata shi har abada.

Gwajin nauyi ya fi aminci, kuma ba ya bukatar komai sai ƙaramin sikeli mai nuna kashi ɗaya cikin ɗari na giram, da kofin ruwa, da zare. A fara auna dutsen a bushe. Sannan a ɗora kofin ruwa a kan sikelin, a mayar da lambar zuwa sifili, a ɗaure dutsen da zare a saukar da shi cikin ruwan har ya nutse, ba tare da ya taɓa gindi ko gefen kofin ba, a rubuta lambar da ta fito. A raba nauyin farko da na biyu. Dutsen da ya auna giram 13.5 a bushe, ya kuma nuna 5.0 a cikin ruwa, sakamakonsa 2.7 ne, wanda ya dace da beril. Tofaz yana ba da kusan 3.5, afatait kusan 3.2, turmalin kuma ya ɗan haura 3. Wannan gwaji yana da muhimmanci saboda akan sayar da shuɗin tofaz da sunan akwamarin. Sai dai gwajin ba ya raba beril da kwaz, wanda ke kan 2.65, kuma ba ya aiki idan kristal ɗin yana manne da uwar dutsensa, wato dutsen da ya girma a jikinsa. A nan sai a koma ga siffa.

Inda yake fitowa

Mafi yawan beril yana girma ne a cikin fegmatait, wato jijiyoyin dutsen giranit masu manyan ƙwayoyi, tare da kwaz da felsfa da maika da baƙin turmalin. Wanda ya girma a matse cikin dutse yakan fito da girma amma a dushe, cike da tsaguwa, kuma a Madagaska an taɓa samun irin wannan mai tsawon mita 18. Masu sheƙi da gani har hanji suna fitowa ne daga kogunan da ke cikin jijiyar, inda kristal ya sami sarari ya girma ba tare da wani abu ya danne shi ba. Zumurrudu ya bambanta, domin yana bukatar beriliyam ya haɗu da kuromiyam ko banadiyam, abin da ba kasafai yake faruwa ba. A Zambiya da tsaunukan Ural na Rasha ana samunsa cikin dutse mai baƙin maika, a Kolombiya kuwa, a Muzo da Chivor, yana cikin jijiyoyin kalsait da suka ratsa baƙin dutsen laka.

Da yawan kallo, ido yakan koyi gane wuri daga siffar dutse. Akwamarin na kwarin Shigar da Nagar a arewacin Pakistan yakan zauna a kan farin felsfa ko maika mai ruwan azurfa, launinsa shuɗi mai haske. Na tsaunin Erongo a Namibiya yakan zo tare da baƙin turmalin. Heliyodo na Volodarsk a Yukiren yana da fuskoki masu ramuka da matakai, saboda ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ɗan narkar da shi bayan ya gama girma, kuma masu tarawa suna son waɗannan ramuka, ba sa ɗaukarsu aibi. Jihar Minas Gerais ta Brazil ta fitar da kusan kowane iri, ciki har da akwamarin da aka yanka dutsen adon da ake kira Dom Pedro daga jikinsa. Dom Pedro yana da nauyin karat 10,363, kuma yanzu yana gidan tarihi na Smithsonian a Washington.

Wanda zai je haƙa da kansa dole ne ya sami izinin mai ƙasa, ya kuma san dokar ma'adinai ta wurin. Tarin ɓaraguzan da masu haƙa suka zubar shi ne wuri mafi dacewa ga mai farawa, musamman bayan ruwan sama ya wanke ƙura. A riƙe guduma da cizal da rariya da tabarau na kare ido, kuma kada a shiga tsohon rami. Idan aka ga kristal a jikin dutse, a sari dutsen daga nesa da shi a fitar da su tare, domin duka a kusa da shi yana tsinka beril gida biyu ta faɗinsa.

Abin da za a duba kafin saye

A fara da kan kristal ɗin. Kai cikakke, mai fuskar asali, shi ke raba samfuri mai daraja da gutsure. Wasu masu sayarwa sukan goge karyayyen kai da inji har ya yi santsi, saboda haka a juya shi a ƙarƙashin haske ana dubawa da gilashin da ke ƙara girma sau goma. Fuskar asali tana da ƙananan tudu da ramuka masu gefe shida, gogaggiya kuwa sumul take ko tana da layukan inji masu bin hanya ɗaya, bakinta kuma ya ɗan lanƙwasa. Bayan kai sai gefuna, a duba ko sun ɓantare, sannan sheƙi, sannan launi. A ganina, ƙaramin kristal mara lahani ya fi babba mai ɓantararren baki, ko da babban ya fi shi launi.

Kristal da ke zaune a kan uwar dutsensa ya fi tsada, kuma a nan ne aka fi yin algus. Akwai gyara na halal, inda kristal ya karye a lokacin haƙa aka mayar da shi daidai mazauninsa da gam, kuma masu tarawa suna karɓar wannan muddin an faɗa. Akwai kuma haɗi na yaudara, inda ake huda rami a wani dutse a dasa kristal ɗin da bai taɓa zama a wurin ba, sannan a rufe gindinsa da garin dutse da aka kwaɓa da gam. An fi yin haka da zumurrudu. A duba gindin da kyau: idan ƙwayoyin da ke kewaye da shi sun fi na sauran dutsen laushi, ko suna sheƙi kamar an jiƙa su, akwai abin tambaya. Tocila mai hasken UV, wato hasken da ido ba ya gani amma yake sa wasu abubuwa su haskaka, tana taimakawa, domin gam iri-iri yana haskawa fari ko shuɗi a ƙarƙashinta, ko da yake ba kowane iri ba ne.

Launi ma ana taɓa shi. Ana gasa akwamarin a zafin da ya kai kusan digiri 400 domin a kore koren da ke cikinsa ya zama shuɗi zalla, kuma wannan launi ba ya komawa. Ana haska wasu beril da tururin nukiliya su zama rawaya ko shuɗi mai duhu. Wannan shuɗi mai duhu, irin wanda aka fara samu a ramin Maxixe na Brazil a shekarar 1917, yana kodewa idan ya daɗe a haske. Zumurrudu kuwa kusan kullum ana shafa masa mai ko a cika tsaguwarsa da wani irin ƙaro domin ta ɓuya. Akwai kuma zumurrudu na ɗakin gwaji, wanda sinadaransa daidai suke da na ƙasa. Zumurrudu mai launi ƙwarai wanda babu ko ɗigo a cikinsa ya fi mai datti zama abin zargi, domin na asali yakan ƙunshi tsaguwa da ƙananan ma'adinai, na Kolombiya ma har da ƙananan ramuka masu ɗauke da ruwa da kumfar iska da ƙwayar gishiri a wuri guda. Kumfa zagayayyu da ke warwatse a ciki alamar gilashi ce. Idan kuɗin dutsen yana da yawa, a nemi rahoton ɗakin gwajin duwatsu masu daraja kafin a biya.

Takardar bayani

Kowane samfuri yana bukatar takarda mai ɗauke da sunan iri, da ramin da aka haƙo shi, da yanki da ƙasa, da ranar da aka same shi, da wanda aka saya a hannunsa, da duk wani gyara da aka yi masa. A ba shi lamba, a rubuta lambar a gindinsa da kuma cikin littafi ko kwamfuta. Sunan dutse ana iya sake gano shi da gwaji ko bayan shekara hamsin, amma wurin da ya fito, idan ya ɓace, da wuya a dawo da shi, kuma darajar samfurin tana faɗuwa. Idan samfuri ya zo da tsofaffin takardu daga masu shi na baya, a adana su duka, ko da rubutun ya dushe. Kada kuma a rubuta zato a matsayin tabbas. Idan mai sayarwa ƙasa kawai ya sani, ƙasar kawai za a rubuta.

Wankewa da ajiya

Ruwa mai ɗumi da sabulu da buroshin haƙori mai laushi sun isa ga mafi yawan samfura. Jan tabon tsatsa yana fita idan aka jiƙa dutsen a ruwan asid na okzalik, amma guba ne, yana bukatar safar hannu da wuri mai iska, kuma bai dace da samfurin da ke kan kalsait ba. Kada a saka zumurrudu a injin wanki mai girgiza ruwa, ko ruwan zafi, ko asiton, wato sinadarin da ke narkar da mai da gam, domin man da ke cikin tsaguwarsa zai fita, wani lokaci ma dutsen ya tsage. Riƙe beril da hannu ba ya cutarwa, amma ƙurarsa tana da illa ga huhu, saboda haka duk sarewa ko gogewa a yi su da ruwa da takunkumin hanci.

A ajiye kowane samfuri a akwatinsa, domin beril yana karce duwatsun da ba su kai shi tauri ba, kuma bakinsa yana ɓantarewa idan ya yi karo da ɗan'uwansa. A nisanta masu launi daga hasken rana kai tsaye da fitilu masu zafi. Mai farawa zai fi amfana idan ya zaɓi hanya ɗaya ya bi, ko dai samfuri ɗaya daga kowane iri, ko akwamarin daga ƙasashe daban-daban, ko kuma ƙananan kristal masu shiga akwatin santimita uku, waɗanda suka fi sauƙin kuɗi kuma aka fi samun marasa lahani a cikinsu.