Yadda za ka yi doguwar tafiya a kan dokin taƙama

Dokin taƙama yana yaudarar mahayinsa. Ba ya jijjiga ka kamar mai sassarfa, kana zaune daram a kan sirdi, to sai ka ɗauka shi ma daɗin yake ji. Na taɓa yin wannan kuskure da akawalina, wato baƙin dokina. Muka yi kusan kilomita 30 ban sauya masa tafiya ba, da yamma na sauke sirdi na taɓa gadon bayansa, sai ya lanƙwashe yana kaɗa kunne. Sati biyu ban hau shi ba.

Saboda haka ka fara da kunnenka. Ka hau kan ƙasa mai tauri ka saurari kofato. Taƙama mai kyau bugu huɗu ce a jere, kowace ƙafa da nata lokacin. In ka ji bugu biyu, wato ƙafar gaba da ta baya na gefe ɗaya suna sauka tare, to ya sandare bayansa ne ya ɗaga kai. Sassauta linzami, ka bar shi ya sauke wuya, ka koma tafiyar ƙafa har ya saki jiki. A yashi mai zurfi ko hawan tudu kada ka tilasta masa taƙama sam.

Sai bugun zuciya. Wannan na koya ne daga masu tseren dogon zango, irin gasar Tevis ta Kalifoniya a Amurka, wadda aka fara a 1955: mil 100 cikin awa 24 a kan duwatsu. Dawakin Larabawa ne suka fi lashe ta, amma dawakin taƙama irin na jihar Tenesi ta Amurka ma suna shiga. A irin waɗannan gasa likitan dabbobi ba ya barin doki ya wuce zango sai bugunsa ya sauko zuwa wajen 60 ko 64 a minti. Kai ma za ka iya. Sa yatsu biyu a ƙarƙashin muƙamuƙinsa inda jijiya ta ratsa ƙashi, ƙirga na daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu. Doki a barga yana tsakanin 28 da 44. In an huta minti goma bugun bai sauko zuwa wajen 60 ko 64 ba, tafiyar ranar ta ƙare, ko da garin da za ka yana hango ka.

Ruwa kuwa, duk inda ka samu ka bar shi ya sha. Masu cewa kada a shayar da doki a hanya ban yarda da su ba. Tsunkuli fatar wuyansa ka saki. In ta tsaya a tattare, ƙishi ya kama shi. Sassauta majayi, wato maɗaurin sirdi, zuba masa ruwa a wuya da ƙirji.

Ni yanzu kowane rabin awa nakan sauka in ja shi da ragama na ɗan lokaci. Yaran ƙauye suna dariya, wai mai doki ya koma tafiya a ƙasa.