Yadda zaka gane ko sakandaren gwamnatin da yaronka ke zuwa a Legas ta kai sa'o'inta

Jama'a salamu alaikum. Gardama ce ta kaure a majalisarmu ta Agege kwanaki, wani yace makarantar ɗansa tafi kowacce lalacewa a Legas, wani yace kai dai baka ga ta ƙauyenmu bane, aka yi ta musu har akai kiran isha'i ba wanda ya kawo lamba ko ɗaya. Shine nace bari in rubuta yadda ni nake auna abin, dan wlh ba wahala, biro da takarda ne sai ɗan haƙuri.

Farko dai ka san wace irin makaranta ce. A Legas ƙaramar sakandare daban babba daban, kowacce da firinsifal ɗinta, kuma sau da yawa zaka tarar makarantu uku ko huɗu a cikin katanga ɗaya suna raba fili da banɗaki. In baka lura ba sai ka ƙirga azuzuwan maƙota a naku. Sannan kar ka haɗa ta da King's College ko Queen's College, waɗancan na gwamnatin tarayya ne, kuɗinsu daga Abuja yake zuwa. Ta jeka-ka-dawo da ta jeka-ka-dawo ake aunawa.

Daga nan sai ka shiga makarantar ka samo lambobinta. Kar kaje da faɗa dan Allah, ka gaida firinsifal ko mataimakinsa da mutunci, kace kai uban yaro ne kana so ka san abu huɗu: yara nawa ne a rajista, malamai nawa, azuzuwa nawa ake zama a cikinsu da gaske, sai ƙofar banɗaki nawa ke aiki. Wasu ofisoshin ma a allo suke rubuta wannan a jikin bango. In Turanci ko Yarabanci na baka wuya ka tafi da babban ɗanka, ko kabi ta hannun 'yan kwamitin kula da makaranta da ake kira SBMC tunda akwai iyaye da mutanen unguwa a ciki.

To yanzu lissafi, kuma anan ne ake yaudarar mutane. A ce yara 1,200 ne malamai 30, in ka raba sai ka samu malami ɗaya ga yara 40, wanda shine ma'aunin da manufar ilimi ta ƙasa ta sa wa babbar sakandare, sai kace alhamdulillahi mun cika. Tsaya tukuna. Cikin 30 ɗin nan nawa ne masu shiga aji? A cire firinsifal da mataimakansa, a ware 'yan bautar ƙasa da zasu tafi bayan shekara ɗaya, sannan ka tambaya darasi darasi, dan in malaman lissafi biyu ne kacal to kowanne yana ɗauke da yara 600 kenan, ina zai duba littafin ɗanka? Haka azuzuwa, in 15 ne ga yara 1,200 to kowane aji mutum 80 ne ko da malamai sun kai ɗari. Ni a ganina lambar aji tafi ta malamai faɗin gaskiya, dan ita ba'a iya yi mata kwalliya. Na taɓa leƙa wata makaranta, a takarda komai lafiya lau, ina shiga aji naga yara huɗu a bencin mutum biyu wasu kuma a kan taga.

Ka duba ɗakin gwaji na kimiyya da na kwamfuta, amma ba ko akwai ɗakin ba, ko ana buɗe shi. Wannan yaron zaka tambaya ba malami ba: yaushe rabonku da shiga? Akwai wuta ko janareta? Ruwa fa?

Mataki na gaba shine samo abin da zaka auna dashi. Na jiha, ma'aikatar ilimi ta Legas tana yin ƙidayar makarantu ta shekara shekara, ka nemi rahoton a intanet da sunan Annual School Census, a ciki akwai yawan yara ga malami da yara ga aji, har ƙaramar hukuma ƙaramar hukuma. In baka samu ba kaje ofishin gundumar ilimi, guda shida ne a jihar. Mu na Agege da Alimosho da Ifako-Ijaiye gunduma ta ɗaya muke, 'yan Mile 12 da Ikorodu ta biyu da ke Maryland, 'yan Idi-Araba ta shida a Oshodi, 'yan Alaba Rago kuwa ta biyar. Shawarata ka fara auna makarantar da ƙaramar hukumarku kafin jiha, dan matsakaicin Legas ya haɗa Alimosho mai cunkoso da Epe, kamar ka haɗa farashin tumatir na Mile 12 da na kanti ne ka raba biyu.

Na ƙasa baki ɗaya kuma ma'aikatar ilimi ta tarayya tana fitar da kundin alƙalumanta, hukumar ilimin matakin farko ta ƙasa wato UBEC ma tayi ƙidayar malamai a 2018 da 2022, sai dai ita a aji uku na ƙaramar sakandare ta tsaya. Ka dinga duba shekarar rahoto, kar ka auna lambar bana da ta shekara takwas baya.

Sai sakamakon WAEC, wanda kowa yafi so. Ka tambayi makaranta yara nawa suka zauna bara, nawa suka samu kiredit biyar harda Turanci da lissafi. A 2023 kashi 79.81 ne suka samu haka a ƙasa, a 2024 ya sauko 72.12. Amma fa wannan lambar ta haɗa da makarantun kuɗi, shi yasa auna makarantar gwamnati da ita akwai zalunci a ciki. Gwamnatin Legas da kanta ta faɗa cewa a 2024 fiye da rabin ɗaliban makarantunta basu tsallake ba, duk da ita ke biya musu kuɗin jarrabawar. Kaga kenan makarantar da rabin yaranta suka ci tana ƙasa da matsakaicin Najeriya amma ta ɗan fi na jiha. Ka kuma tambaya yara nawa ne a aji biyar aka hana wucewa aji shida, dan makaranta na iya tace yara ta shigar da masu ƙoƙari kaɗai lambarta tayi kyau.

In ka gama ka ja layi uku a takarda, makarantarmu, jiha, ƙasa, ka cike. Inda kuka faɗo sosai shi zaku kai taron iyaye, abu ɗaya ko biyu ba goma ba, ku rubuta wasiƙa ta hannun firinsifal zuwa ga shugaban gunduma, wanda ake kira Tutor-General, ku sa lambobin a ciki, ku ajiye kwafi da hatimin karɓa. Kuma iyaye mata ku shigo, Hajiya ke ce kika san ko 'yarki na ƙin shan ruwa da safe dan gudun banɗakin makaranta, wannan ma a sa shi a wasiƙar.