Kakanku Ya Ƙetare Teku? Kurakuran Da Ke Ɓatar Da Masu Bin Sawunsa

Daga Bauchi zuwa Legas tafiyar sama da kilomita 1,000 ce, amma duk da haka gidaje da dama a Bauchi da Gombe suna da labarin wani kaka da ya hau jirgin ruwa tun yana saurayi. Jikokinsa a yau sukan rubuta sunansa a intanet, su ga babu komai, sai su yanke cewa tatsuniyar tsofaffi ce. Galibi labarin gaskiya ne. Hanyar neman ce ba daidai ba.

Kuskuren da ya haifi sauran shi ne fara nema ba tare da sanin abin da ya kai mutumin kan ruwa ba. Takardun wancan zamani ba mutum suke bi ba, wanda ya ɗauke shi aiki ko ya ba shi izinin tafiya suke bi. Da an ce "ya yi zaman jirgin ruwa", sai hankalin matasa ya tafi kan ma'aikacin jirgi, su shiga neman sunayen ma'aikatan kamfanin Elder Dempster, wanda jiragensa suka yi ta zirga-zirga tsakanin Libaful da gaɓar Afirka ta Yamma. Akwai 'yan Arewa da suka yi wannan aiki, amma mafi yawan masu yin sa mutanen bakin ruwa ne, ƙabilar Kru ta Laberiya da Saliyo, daga baya kuma mutanen kudancin Najeriya. Saurayin da ya taso daga Misau ko Dukku ko Kumo ya tsinci kansa a teku, ya fi yiwuwa soja ne, ko mahajjaci, ko kuwa yaron fataken goro da ke ɗauko kaya daga Gwanja su sauke a Legas ta jirgi, hanyar da Alhassan Ɗantata ya bi ya yi arziki. Wani ma bai taɓa ganin teku ba, jiragen kamfanin Neja ya yi wa aiki a kogin Binuwai, wajen Ibi da Numan da Yola. Kowanne daga cikin waɗannan, inda takardarsa take daban ne. Saboda haka kafin ka sayi data, zauna ka tantance wannan.

Kuma a gida ake tantancewa. A nan ne ake yin kuskure na biyu, wanda ya fi ba ni takaici, don shi kaɗai ne ba ya gyaruwa in lokaci ya wuce: a bar tsohuwa a ɗaki a tafi neman bayani a Landan. Takardar da ke ma'ajiyar takardu ta ƙasa a Kaduna za ta jira ka shekara goma, Goggo ba lalle ta jira ba. Idan kuma aka je wurinta, sai a yi mata tambayar da ba ta da amsa: "A wace shekara ya tafi?" Ba da shekara take lissafi ba. Ka ce, "Goggo, da Bappa ya dawo, wa Dada take goyo?" Ko, "Da kayan sarki ya dawo, ko da rawani?" Ko, "Waɗanne garuruwa yake yawan ambata in yana hira?" Wanda yake ambaton Bambai da Daban (Durban) da Arakan, soja ne. Wanda bakinsa ke kan Fashir da Kartum da Sawakin, hanyar gabas ya bi. Tambayi mata fiye da maza, domin su ne suka riƙe waƙoƙi da sunayen kishiyoyi da jerin haihuwa, kuma jerin haihuwa shi ne kalandar gidan Bahaushe. Ka ɗauki muryar a waya da izininta, kada ka dogara da ƙwaƙwalwarka. Kada kuma ka tara 'yan'uwa wuri ɗaya ka tambaye su, don duk za su bi bakin babba. Bi su ɗaya bayan ɗaya.

Sai a yi hattara da lissafin zamanin sarakuna. "Zamanin Sarki Yakubu" a Bauchi ba amsa ba ce, domin ban da Malam Yakubu da ya kafa masarautar, Yakubu na biyu ya yi sarauta daga 1907 zuwa 1941, Yakubu na uku ya gaje shi har 1954. Wanda ya tafi a zamanin Yakubu na iya zama sojan Yaƙin Duniya na Ɗaya da aka kai Gabashin Afirka a ƙarshen 1916, yana kuma iya zama na Yaƙin Hitila. Gombe ita ma Sarki Abubakar Umar ya daɗe, daga 1936 zuwa 1984, don haka ambatonsa kaɗai ba ya rage maka komai. Nemi alama ta biyu: yunwar 1914, annobar murar 1918, zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, ko isowar jirgin ƙasa Bauchi a 1961 da Gombe a 1963. Wannan na ƙarshe yana da amfani ta wata fuskar: wanda ya nufi Legas kafin nan galibi ta Jos ko Kano ya bi ya kama dogo, kuma da yawa sun fara tsayawa aikin kuza kafin su wuce.

In soja ne, sa'arka ta fi ta kowa, muddin ba ka yi kuskuren suna ba. Rundunar Turawa ta Afirka ta Yamma ba ta damu da sunan uba ba, sunan yanka da sunan gari take rubutawa: Musa Bauchi, Garba Gombe, Audu Katagum. Mai neman "Musa Abdullahi" ba zai taɓa ganin kakansa ba. Garin ma ba lalle ne mahaifarsa ba, wani lokaci inda aka ɗauke shi ne, wani lokaci kuma babban garin da Bature ya sani. Akwai kuma waɗanda suka gudu daga gida suka shiga da sunan aro don kada iyaye su biyo su. Rubutun sunan kansa yadda kunnen akawu ya ji ne, Muhammadu ya koma Momadu ko Mama ko Momo. A irin wannan runduna masu suna Musa Bauchi ba za su ƙirgu ba, abin da ke raba su lambar soja ce, wadda ta 'yan Najeriya a Yaƙin na Biyu ke farawa da haruffan NA. Wannan lamba ita ce abin nema a cikin adaka: a takardar sallama, a littafin albashi, a takardar fansho. Duba minda ma, amma ka san bambancinsu. Ta Yaƙin Farko an buga suna da lamba da runduna a jikinta. Ta Yaƙin na Biyu, irin tauraron Bama, haka Birtaniya ta raba su ba suna, don haka tana nuna fagen da aka je ne kawai, ba ta tabbatar da mai ita.

Da lamba a hannu, tarihin tafiyar a bayyane yake. Sojojin Najeriya sun sauka Mombasa a 1940, suna cikin waɗanda suka shiga Mogadishu a Fabrairun 1941. Runduna ta 81 ta tashi a 1943, ta zagaya ta Afirka ta Kudu zuwa Indiya, ta 82 ta bi bayanta a 1944, suka haɗu a yaƙin Myohaung a ƙasar Bama a Janairun 1945, mafi yawa kuma sai a 1946 suka dawo gida. Wanda bai dawo ba, a neme shi a shafin hukumar kaburburan yaƙi ta Kwamanwel, CWGC, kyauta ne, kuma akwai sunayen 'yan Najeriya masu yawa a dutsen tunawa na Rangun. Kundin ayyukan yau da kullum na kowace bataliya yana ma'ajiyar takardun Birtaniya a unguwar Kew, sai dai kada ka sa rai da ganin sunan farabiti a ciki. Zai gaya maka ranar da aka shiga jirgi da inda aka sauka, wanda shi ma ba ƙaramin abu ba ne. Tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, suna ɗauke da wasiƙun sojoji daga fagen fama.

Mahajjacin ƙafa lamarinsa ya fi wuya, kuma kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar tafiyarsa kamar ta yau, a je a dawo cikin wata guda. Mutane sun yi shekaru a hanya, ta Barno da Wadai da Darfur, suna noma suna ƙwadago, musamman a gonakin audugar Jazira bayan 1925, kafin su tara kuɗin ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda. Yaron da aka tafi da shi a goye yakan hau jirgin yana da gemu. Wasu kuma ƙananan jiragen Larabawa suka bi a ɓoye don kauce wa kuɗin hukuma da killacewar likita, waɗannan babu littafin da ya rubuta su. Ga mutanen Gombe akwai ƙarin dalili na duban gabas: bayan yaƙin Burmi a 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, jama'a da yawa sun wuce Sudan, kuma garin Mai Wurno da ɗansa ya kafa yana nan har yau a bakin Shuɗin Nilu. Sau da yawa rabin labarin kakanka yana bakin danginku na can, ba a wata ma'ajiya ba.

In kuwa ya tabbata ma'aikacin jirgi ne, to ka daina neman sunansa, nemi sunan jirgin. Jerin ma'aikatan jiragen Birtaniya an tsara shi ne bisa lambar rajistar jirgi, kuma kaso mafi tsoka, kimanin 70 cikin 100 na shekarun 1863 zuwa 1938 da 1951 zuwa 1976, ba ya ma Ingila, yana Jami'ar Memorial a Kanada. Mafi yawan na shekarun da suka ƙare da 5, ban da 1945, suna gidan tarihin jiragen ruwa na Greenwich, takardun Elder Dempster kuma suna Libaful. Sunan jirgi ma tarko ne. Apapa uku kamfanin ya yi da aka fi sani: an nutsar da ɗaya a 1917, an nutsar da na biyu a 1940, na uku ya fara aiki a 1948, kuma a kansa ne ma'aikata 'yan Najeriya suka yi yajin aiki a Libaful a 1959. Wanda ya yi aiki bayan wannan shekara, mai yiwuwa kamfanin jiragen ruwa na Najeriya ne ya ɗauke shi, wanda aka kafa a 1959 aka rushe a 1995. Rashin ganin suna kuma ba hujja ba ce, don leburorin da ake ɗauka a gaɓa don lodi da sauke kaya ba kullum ake sa su a jerin ba.

Wani abin da ke mayar da mutane gida hannu rabbana daga Kaduna shi ne neman "Jihar Gombe" a ma'ajiyar takardu ta ƙasa. Sai a 1996 aka yi jihar. A zamanin Turawa Gombe tana ƙarƙashin Lardin Bauchi, fayilolinta suna cikin rukunin da ake kira Bauprof. Hedikwatar masarautar ma ta tashi daga Gombe Abba zuwa Nafada a 1913, sannan ta koma Doma, wato Gomben yanzu, a 1919, saboda haka "Gombe" a tsohuwar takarda ba lalle garin da ka sani ba ne. Tunda ka je Kaduna, leƙa Arewa House, cibiyar da ke ajiye takardun tarihin Arewa.

Shekarun haihuwa da ke takardun nan kada ka rantse da su. Bature ne ko likita ya dubi mutum ya ƙiyasta, yaro mai son kaki kuma ƙara wa kansa shekaru yake yi. Idan takarda ta saɓa da maganar Goggo, kada ka yi saurin ba takarda gaskiya don kawai da Turanci aka rubuta ta. Rubuta duka biyun, kowanne da inda ka samo shi. Wasiƙun ajami da ke cikin gafaka a kai wa malamin da ya iya karatun warash, kada a ɗauka duk addu'o'i ne, a cikinsu akan sami sunan garin da aka rubuto da sunan wanda aka aiko.

Takardun da ka samu kuma kada ka kai su shagon kwamfuta a manne su cikin leda da zafi, wannan yana lalata tawada kuma ba ya ɓarewa. Kada ka liƙe yagewa da salatif, kada ka goge minda da toka ko yashi. Ɗauki hoton gaba da baya a inuwa, tura wa 'yan'uwa biyu ko uku, sannan ka sa asalin a tsakanin farar takarda, a akwatin da ba ya taɓa ƙasa, saboda gara da danshin damina.